Tsohuwar Layi Na Uku

Shafi na 19

Masu aiko min da saƙo cewa in sassauta wa Madam, na ji. Ni ban ɗora mata komai ba, da hannunta ta ɗauko.

Ɗakin taron kamfanin katifa yana saman bene, daidai kan wurin da ake yanka soso. In inji ya tashi a ƙasa, ruwan da ke cikin kofunan kan tebur sai ya kama rawa. Warin gam kuwa ya riga ya zama ɗan gida, baƙo ne kawai ke jin sa.

Madam ta shigo, ƙaninta na biye da ita rungume da kwamfuta da igiyoyin majigi. Ya haura arba'in, ga sanƙo, ga tumbi, ga 'ya'ya a makaranta, amma har yau Auta ake ce masa, kuma har yau yana amsawa. Su biyu ke da kamfanin tsara taro. Ita ke magana, shi ke haɗa alƙaluman da za su goyi bayan maganar.

Yau ranar rahoto ce. Sun shirya wa kamfanin katifar taron ƙaddamar da sabuwar katifa, an yi an watse, yanzu sun zo su nuna cewa an yi nasara. A tsakiyar teburin akwai kwangilar shekaru tana jiran sa hannu. In ta samu, kamfanin Madam ya tsaya da ƙafafunsa. In ta kuɓuce, Madam ta san abin da ya rage mata: kujeru jibge, ma'aikata masu hamma, da wayar da ta daɗe da rage ƙara.

Mai Katifa na zaune a kujerar tsakiya. Dattijo ne da ya fara da ɗinkin matashin kai a bakin titi, kuma har yau ba ya zama a kujera sai ya danna ta da yatsa ya ji ingancin sosonta. A damansa 'yarsa ce, manajar talla, wadda kowa ke kira Manaja har da uban. Ta dawo daga jami'a da digiri biyu da wata cuta mai wuyar magani: in aka faɗa mata abu, sai ta ce a nuna mata.

Ita ta kori mai tsara taron da ya gabaci Madam. Laifinsa, ya yi hayar mutane su cika kujeru su yi tafi. Ba ta tsaya a kora ba, sai da ta tabbatar duk wani mai kamfani da take da lambarsa ya ji labari. Mutumin yanzu hayar rumfa yake bayarwa a bayan gari. Shi ya sa ranar da Madam ta karɓi aikin, sharaɗin farko da aka karanta mata shi ne ba ɗan haya ko ɗaya a zauren, ba mai tafin haya, ba mai shaidar haya. Madam ta dafa ƙirji ta ce ita ko jin irin wannan abu ba ta son yi.

Auta ya kashe fitila ya kunna majigi. Layuka suka fara hawa bango, ja da kore da shuɗi, kowanne na kallon sama. A rahoton Auta ba a taɓa ganin layin da ya kalli ƙasa ba. In ya gamu da irinsa, yakan yi ta juya ma'aunin har layin ya shiga hankalinsa. Ya nuna yawan waɗanda suka shigo zauren. Bai ga amfanin faɗin cewa shigowa aka ƙirga ba mutum ba, don haka duk wanda ya fita banɗaki ya dawo ya zama mutum biyu. Ya nuna hotunan zaure cike maƙil. Bai ambaci kujerun baya da aka janye a hankali lokacin da mawaƙi ya ɗauke hankalin jama'a ba. Ya nuna wani zane mai kama da tsauni, ya ce ƙarfin farin cikin mahalarta ke nan.

Mai Katifa ya yi gyangyaɗi a tsakiyar tsaunin.

Manaja ta bari sai da aka kai shafin ƙarshe, mai ɗauke da godiya da manyan baƙaƙe, sannan ta tambayi Auta mutum nawa cikin masu farin cikin nan suka sayi katifa. Ya gyara tsayuwa ya yi mata bayanin da yake yi wa kowa. Ya ce a ilimin talla na zamani saye ba shi ne ma'aunin farko ba. Akwai sanin suna, akwai shiga rai, akwai kuma dogon tasiri, wanda a yadda aka saba ba ya bayyana sai bayan an sa hannu a sabuwar kwangila.

Ta ce ta gode, amma ita ma ta yi nata awon. Ba ta da majigi. Abin da ta yi kawai, ta umarci masu tsaron shagunansu su riƙa yi wa duk wanda ya zo saye tambaya ɗaya: me ya kawo ka?

Madam ta gyara zama.

"Katifar ta ƙare a shaguna," in ji Manaja. "Injinan da kuke ji a ƙasa, tun ranar ba su huta ba."

Auta ya ɗaga hannu zai tafa, ya ga ba wanda zai taya shi, ya mayar da shi sosa ƙeya.

"Amma ba wanda ya ambaci fitilunki, Madam. Ba wanda ya ambaci mawaƙin, ko hayaƙin nan da ya sa Baba tari. Bakinsu ɗaya. Tsohuwar layi na uku."

Mai Katifa ya farka kamar an kira sunansa.

Ga abin da mutum biyun da ke wannan gefen tebur suka sani, na wancan gefen ba su sani ba. Madam ba ta yi hayar masu tafi ba, wannan gaskiya ne, ta ji tsoron Manaja. Amma zuciyarta ba ta iya yarda da taron da ba mai tashi cikin jama'a ya ba da shaida. Akwai matar da ta saba ɗauka, wadda a sana'ar ake kira Mai Hawaye. Man shafawa ya taɓa warkar da ita, asusun ajiya ya taɓa rufa mata asiri, tukunyar gas ta taɓa ceton aurenta. Ranar taron katifa, ana dab da buɗe ƙofa, Mai Hawaye ta bugo waya da wata murya kamar ta ƙofar da ba mai, ta ce kukan da ta yi jiya a wani taron ya tafi da maƙogwaronta.

Madam ta waiga, idonta ya faɗa kan uwarta. Inna ta biyo su ne don ta taya ɗaura ƙyallen ado a bayan kujeru, kamar yadda take yi kyauta a kowane taro. Madam ta ja ta bayan labule, ta koya mata jimla uku a kan ciwon baya, ta zaunar da ita a layi na uku, ta ce ko gobara ce ta tashi kada ta nuna ta san ta.

Inna ta karɓi makirufo ta watsar da jimlolin uku.

Mai Katifa ya ce a sa masa bidiyon. Ya ce ya kalla ya fi a ƙirga, amma a sa. Auta ya danna da yatsan da ba ya jin nasa ne, sai ga Inna a bango, ta fi kowa girma a ɗakin.

"Ni ban san komai a kan soso ba," take cewa. "Abin da na sani, na yi shekaru ina kwana kamar a kan tsani. Ban faɗa wa kowa ba. 'Yata ce ta lura da yadda nake tashi da safe ina dafa bango. Ran nan na dawo daga unguwa, sai na tarar da katifar nan a ɗakina, an shimfiɗa mata sabon zanen gado. Ta ce, Inna, kwanta, kin gama wahala."

Daga nan sai hawaye. Mai Hawaye kan yi nata da sauti, ta jira kyamara ta juyo. Na Inna shiru suka zubo, tana ƙoƙarin ɓoye su da bayan hannu, kuma wannan ɓoyewar ce ta sayar da katifa.

Mai Katifa ya share ido da bakin hannun riga. Ya ce tun yana saurayi yake yin abin da mutane ke kwanciya a kai, bai taɓa jin an gode wa katifa a gabansa ba sai ranar.

Madam ba bangon take kallo ba. Ɗakin Inna take gani, can ƙuryar gidanta, wanda rabinsa kujerun taro ne jere har rufi, da kwalayen furen roba, da buhunan labule. Katifar da ke ciki ta girmi auren Auta. Tsakiyarta ya lotsa har in Inna ta kwanta sai dai a ga gefen zaninta. Madam ta sha cewa za a canja ta in an biya su. An kuwa sha biyan su.

Ta gyara murya ta ce ai wannan shi ne kyawun shaidar gaskiya, ba a shirya ta, ba a kuma iya maimaita ta. Ta ce abin takaici, baiwar Allah ce kawai ta shigo, ba ta bar suna ba, ba ta bar lamba ba. Ta ce sun neme ta har sun gaji.

"Kada ki damu," in ji Mai Katifa. "Mun same ta."

Manaja ce ta ba da labarin, idonta a kan Madam. Ta ce ba su suka samo ta ba, ita ta kawo kanta. Ta shiga babban shagonsu da rana, ta ce tana so ta gwada ko ta shago ta kai ta gidanta laushi. Ta hau katifar da aka ajiye don nuni, ta miƙe ƙafa, barci ya kwashe ta. Mai tsaron shagon ya gane fuskarta, ya hana kowa tashin ta, ya bugo waya. Kafin Manaja ta iso, mutane sun cika bakin gilashi suna kallon tsohuwar bidiyo tana minshari, wasu har sun shiga sun ba da oda.

Manaja ta miƙe ta buɗe ƙofa.

"Iya, bismillah."

Inna ta shigo a hankali, tana dafa bango. A kafaɗarta mayafin Madam ne, ruwan toka mai bakin zinare, wanda Madam ta zargi mai wanki da sacewa har ta sallame shi.

Auta ya ce, "Yaya," can ƙasan maƙogwaro. Madam ta taka masa ƙafa da tsinin takalmi.

Mai Katifa da kansa ya ja wa Inna kujera, bayan ya danna ta da yatsa. Aka yi gaisuwa mai tsawo. Ya tambayi bayanta, ta ce da sauƙi. Ya nuna mata Madam, ya ce wannan ce ta shirya taron nan.

Inna ta juyo ta ƙare mata kallo daga ɗankwali har jaka, kallon mai saye da bai yanke shawara ba.

"Sannu, 'yar nan. Allah ya yi albarka. Amma kujerunki da tauri."

"Za a gyara, Iya," in ji Madam.

Sai Mai Katifa ya buɗe cikinsa. Ya ce shi bai gane tsaunin da aka nuna masa ba, kuma ba ya so a sake nuna masa. Shi ma'auninsa ɗaya ne, ga shi zaune. Yana so Iya ta zama fuskar kamfani, a allunan titi, a jikin motocin kai kaya, a kan ledar katifa. Amma ba wannan ne ya hana shi barci ba. 'Yar ce. Ya ce a zamanin da 'ya'ya ke ajiye iyaye kamar tsofaffin kaya, an samu wadda ta kalli yadda uwarta ke dafa bango. Taro na gaba nata ne. Za a hau da ita dandamali a karrama ta a gaban duniya, kuma Madam ce za ta shirya.

Madam ta ce shawara ce mai kyau ƙwarai. Kanta kuwa ya riga ya fara aikin da ya saba. Akwai wata yarinya mai raba ruwa a tarukansu, doguwar fuska, goshinta ya ɗan yi na Inna. In aka sa mata tabarau aka koya mata sunkuyar da kai, za ta wuce.

Kamar ta ji tunanin, Manaja ta ce ita da kanta za ta tantance 'yar. Za ta ga katin shaidarta, za ta je gidan, za a ɗauki hoton katifar a ɗakin da take. Ta ce ba don tana zargin kowa ba, haka take aiki.

A daidai nan ruwan kofuna ya daina rawa. Inji ya tsaya a ƙasa. Mai Katifa yana iya jure komai a duniya ban da shirun inji, ya tashi ya fita ba ko sallama. Manaja ta bi shi da sauri, ta ce in ba ta je ba hannu zai zura a ciki.

Ƙofa na rufuwa Madam ta juyo.

"Inna, me kike yi a nan?"

"Mota aka aiko min. Mai sanyi."

"Me ya kai ki shagonsu?"

"Na yabi abu a gaban jama'a. Ba sai in je in ga ko ƙarya na yi ba?" Ta gyara zama. "Ban yi ba. Tana da daɗi."

Auta ya durƙusa a gefen kujerarta ya fara haɗa ta da Allah, yana tambayarta ko ta san abin da Manaja ke yi wa mutane. Inna ta ce ya tashi, a cikin ginin nan ita ba uwarsa ba ce, kuma ya gyara maɓallin rigarsa, ya sa na biyu a ramin na uku.

Madam ta koma muryarta ta bayan labule, wadda take ba ma'aikata umarni da ita ana saura kaɗan a buɗe ƙofa. Ta ce in sun dawo Inna ta ce 'yar tana ƙasar waje. In sun matsa, ta ce mijinta ba ya son a nuna ta. In sun ƙara matsawa, ta yi shiru ta bar mata sauran, tana da yarinyar da za ta iya tsayawa.

"Hayar 'ya za ki yi min?"

"Na yini ɗaya ne, Inna."

"Ita ma za ta ce in jira sai an biya ku?"

"Inna, ba lokacin wannan maganar ba ne."

"Ai ba a taɓa yin lokacinta ba."

Madam ta dafe goshi. Ta ce gobe-goben nan za a kwashe kujerun, za a kawo katifa, irin wannan ɗin ma, babbar. Inna ta ce kada ta wahalar da kanta, mutanen nan sun ce za su ba ta kyauta, su kai mata har ɗaki. Ita ce ma ta ce su dakata, don ba ta san me za su ce ba in suka ga a gidan wa ɗakin yake.

Inna ta ɗauki kofin ruwa ta kurɓa, ta ajiye.

"Tun da na yi wayo ban taɓa tsayawa gaban mutane na shara ƙarya ba sai da kika sa ni. Ta kuwa yi kyau. Tun ranar nake tunanin yarinyar nan da na ƙirƙira. In na juya a kwance, kujerunki suka yi ƙara a kaina, sai in ce da tana nan da ta kwashe su. Har kewarta na fara yi."

Ruwan kofuna ya koma rawa. Aka ji takun mutum biyu a matakala.

"Ƙasar waje," in ji Madam da raɗa. "Don girman Allah, Inna. In matar nan ta gano ni ce, kashinmu ya bushe."

Inna ta juya ta kalli ƙofa.

Mai Katifa ya dawo da baƙin mai a yatsa, fuskarsa a sake. Manaja ta zauna ta ce kafin a ci gaba, tana so Iya ta kwantar da hankalinta, don ta san 'ya'yan kirki ba su cika son a nuna su ba. In 'yar tana nesa, ko a wace ƙasa ce, yanzu za a kira ta a waya a gan ta ido da ido. In kunya ce, ba za a sa sunanta ba. In miji ne, Baba zai je ya same shi da kansa, kuma ba a taɓa samun mijin da ya iya ce wa Baba a'a ba.

Madam ta ji ana rufe ƙofofin da ta buɗe, ɗaya bayan ɗaya, da ladabi.

Mai Katifa ya matso da kujerarsa.

"Iya, ina 'yar taki take?"

Inna ta ja bakin mayafin ta rufe kafaɗa. Ta kalli tebur.

"Ta rasu."

Igiyar majigi ta suɓuce daga hannun Auta ta faɗi ƙasa.

Madam ta ji ƙarya iri-iri a rayuwarta, wasu ita ta ba da odarsu, wasu ita ta gyara musu zama. Amma ba a taɓa binne ta tana zaune a kujera da jaka a cinya ba. Ta kalli hannunta, ta motsa yatsu, suka motsa.

Mai Katifa ya yi salati a hankali, ya daɗe kansa a sunkuye. Sannan ya ɗaga hannu ya roƙa wa yarinyar rahama, ya ce Allah ya sa yadda ta shimfiɗa wa uwarta, a shimfiɗa mata. Manaja ta ce amin. Auta ya ce amin saboda sabo, sannan ya tuna, ya dubi yayarsa a firgice. Dattijon ya juyo yana jiran bakin da ya rage.

"Amin," in ji Madam.

Ya tambaya ko doguwar jinya ta yi. Inna ta ce ba za a kira shi jinya ba.

"A hankali ta tafi. Aiki ne ya cinye ta. Kullum tana waya, kullum tana hanya. A gida ɗaya muke, ina kallo, ban iya komai ba."

Ya tambaya ko ba ta da wasu 'ya'yan. Ta ce akwai namiji ɗaya, amma shi sai abin da aka ce masa. Auta ya sunkuya neman igiya, bai ɗago da wuri ba.

Mai Katifa ya ce shi ke nan, magana ta ƙare. Taron ba zai fasa ba, sai ma ƙara girma. Za a yi shi don tunawa da marigayiya. Duk katifar da aka saya ranar, za a kai wata kyauta ga wata tsohuwa da ba ta da mai lura da ita. Ya ce yana so a yi abin da duk wanda ya shiga zauren zai fita ya kira uwarsa, kuma wannan shi ne awon da yake so a kawo masa, ba tsauni ba. Ya jawo kwangilar ya tura gaban Madam, ya zare biro daga aljihunsa ya ɗora a kai.

"Ke za ki yi mata, 'yata. Ki yi mata kamar kin san ta."

Madam ta ɗauki biron. Ga abin da ta yi wata da watanni tana bi, ga layin da za ta sa hannu, an ma yi masa alama da fensir don kada ta wahala.

Mutum ɗaya ce ba ta share ido ba. Manaja ta haɗa yatsu a kan tebur tana kallon Inna, kallon da ta yi wa rahoton Auta. Ta ce Allah ya ba da haƙuri. Ta ce abu ɗaya ya rage, taro irin wannan ba ya yiwuwa ba hoto. Babba za a buga, daga rufin dandamali har ƙasa, yadda na kujerar ƙarshe zai ga fuskarta.

Inna ta ce yarinyar ba ta son hoto.

"Akwai ɗaya ai, Iya. Ranar da na sa miki lambata, na ga wata a fuskar wayarki, da rigar kammala jami'a, ta rungume ki. Ina sauri ban duba da kyau ba. Ba ita ba ce?"

Madam ta san hoton. Auta ne ya ɗauke shi daga bangon falo ya sa wa Inna a waya. An yi shi tun Madam tana siririya, kafin ƙiba, kafin tabarau, kafin ta koyi ɗaurin ɗankwalin da ke rufe rabin goshi. Ba lalle a gane ta ba. Sai dai a hoton dariya take yi da dukan bakinta, kuma wushiryar da ke tsakanin haƙoranta ba ta je ko'ina ba.

Ta haɗe leɓɓanta.

Inna ta ce ita ba ta iya taɓa wayar ba, yaran zamani ke buɗe mata. Manaja ta miƙo tafin hannu ta ce ta kawo, ita ma yarinyar zamani ce.

Inna ta ɗago ta dubi 'yarta. Ba kallon baƙuwa ba ne wannan karon. Ta daɗe tana yi, kamar mai jiran a ce wani abu. Biro na hannun Madam, bakinta a rufe.

Inna ta zuge jaka, ta lalubo wayar, ta ɗora a tafin Manaja.

Haske ya kawo. Manaja ta kalli hoton. Ta matso da shi kusa da ido, ta buɗa shi da yatsu biyu. Sannan ta ɗago a hankali, ta tsallake ubanta, ta tsallake Auta.

"Madam," ta ce, "ɗan yi min murmushi."